RINGI: ABIN DA ALLAH YA AJIYE WA KANSA

Karatu: 1 Sarakuna 19:9-18, Ishaya 10:20-22, Yowel 2:28-32
Ayar haddacewa: Romawa 11:5

GABATARWA

 Darasinmu na wannan mako a kan kalma ɗaya yake, amma kalma ce da ta taɓa rayuwar mutane da yawa a cikinmu.

Akwai tambayar da takan zo wa mutum bayan masifa ta wuce. Wanda aka ciro shi kaɗai da rai daga motar da ta kife yakan yi ta. Uwar da ta gudu da 'ya'yanta cikin dare, ta waiwaya ta hango garinsu yana cin wuta, ita ma takan yi ta. Haka dattijon da ya shiga majami'a ran Lahadi, ya ga kujerun da dā suke cike maƙil yanzu mutum goma ne a kansu. Tambayar ita ce, “Me ya sa ni na ragu?” Wani yakan yi ta da godiya, wani da hawaye, wani kuwa yana jin kamar ya yi wa waɗanda suka tafi laifi domin shi yana numfashi.

Littafi Mai Tsarki yana da suna domin irin wannan mutum da irin wannan jama'a. A fassarorinmu na Hausa za ka tarar an ce “ringi”, ko “raguwa”, ko “sauran jama'a”. Ka ajiye Littafinka a buɗe kusa da kai, ka riƙa duba kowace aya da aka ambata, domin ka gani da idonka.

1. KALMOMI HUƊU NA IBRANANCI

Da Ibrananci aka rubuta kusan dukan Tsohon Alkawari. A bayan kalmarmu ta ringi akwai kalmomin Ibrananci guda huɗu, kowace da ɗanɗanonta.

Ta fari ita ce “yeter”. Kalmar yau da kullum ce, ma'anarta saura, abin da ya yi rara. Sa'ad da Rut ta ci abinci a gonar Bo'aza ta ƙoshi har ta rage, da tushen wannan kalma aka ba da labarin (Rut 2:14).

Ta biyu ita ce “she'ar” da 'yar'uwarta “she'erit”. Dukansu daga aikatau “sha'ar” suka fito, wato a ragu bayan an kwashe mafi yawa. Su ne annabawa suka fi amfani da su. Kada ka zaci kalma ce mai martaba tun asali. A Ishaya 44:16-17 wani ya saro itace, ya gasa nama da wani sashi, ya ji ɗumi, sa'an nan ya sassaƙa gunki da guntun da ya rage. Wannan guntun itacen ne aka kira she'erit.

Ta uku ita ce “feleta”, daga tushen kuɓuta. Mutumin da ya tsallake rijiya da baya ana ce da shi “falit”, kamar wanda ya kuɓuce daga yaƙi ya zo ya gaya wa Ibrahim an kama Lutu (Farawa 14:13). Kalmar ba ta mutu ba har zamaninmu. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, bayan 'yan Nazi sun hallaka Yahudawa kimanin miliyan shida a Turai, waɗanda suka fito da rai sun haɗa kalmomin nan biyu suka kira kansu “She'erit ha-Feleta”, wato ringin waɗanda suka kuɓuta.

Ta huɗu ita ce “sarid”, ita ce kuwa mafi nauyi. Kalmar fagen fama ce: mutumin da aka karkashe na damansa da na hagunsa, shi ya tashi da rai. A wurare da yawa da ta fito, cewa ake yi babu shi. A Joshuwa sura 10 kaɗai, sau shida aka ce ba a bar sarid ba. Mu a Hausa sai mu ce ba a bar ko mai kai labari ba. Ka riƙe wannan kalma a zuciyarka, za mu komo kanta.

To, ka ga duka huɗun cikin asara aka haife su. Ba a zancen ringi sai an yi ɓarna. Saboda haka in kana cikin makoki, Maganar Allah ba ta ce ka yi kamar ba abin da ya faru ba. Ta yarda an yi asara, ta kuma faɗi girmanta. Abin da za mu nema yanzu shi ne hannun da yake bayan wanda ya ragu.

2. RAGOWA CE KO AJIYA?

Manomi ya san bambanci tsakanin hatsin da ya ragu a gindin rumbu da damin da ya ware tun kaka domin iri. Dukansu kaɗan ne. Na farko ya ragu ne domin turmi bai kai kansa ba tukuna. Na biyu kuwa zaɓarsa aka yi, aka ɗaure, aka rataye inda gara da ɓera ba za su taɓa shi ba. Kome tsananin yunwar bazara, mai gida ba ya yarda a daka iri. A idon mutane ringi ragowa ce. A wurin Allah ajiya ce. Ga shaidu uku.

Nuhu. Farawa 7:23 ta nuna Ruwan Tsufana ya shafe masu rai a bisa ƙasa, Nuhu ne ya ragu da waɗanda suke cikin jirgi tare da shi, mutum takwas ke nan. Aikatau ɗin sha'ar ne a wurin. Yanzu ka koma aya 16 ka ga wanda ya rufe ƙofar jirgin. Ubangiji ne da kansa. Ruwa bai yi mantuwa da Nuhu ba, ɓoye shi aka yi.

Yusufu. Wuri na farko da she'erit ta fito a Littafi Mai Tsarki shi ne Farawa 45:7. An sayar da Yusufu yana ɗan shekara 17. Shekara 22 suka wuce, da bauta da ƙazafi da kurkuku a cikinsu, sai ga 'yan'uwansa a gabansa, yunwa ta koro su Masar. Ya shaida musu cewa Allah ne ya tura shi gaba domin ya tanada musu she'erit a duniya, ya rayar da su ta wurin babbar feleta. Ka lura da abu biyu. Tun yunwa ba ta fara ba Allah ya riga ya shirya ringin. Sa'an nan, wanda ya fara furta kalmar mutum ne da aka zalunta, yana kuwa faɗa wa waɗanda suka zalunce shi, yana sumbatarsu yana kuka. Allah ya tsirar da Yusufu domin waɗansu su rayu ta dalilinsa, har da waɗanda suka jefa shi a rijiya.

Iliya. Ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya ga ƙarshen annabawan Ba'al 450. Ba a jima ba saƙon Yezebel ya sa shi gudu. Ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, ya shiga kogo. Sau biyu ya gaya wa Allah cewa shi kaɗai ya ragu (1 Sarakuna 19:10, 14). Kalmar da ya ɗauka daga gidan yeter take, kamar yana cewa, ni ne ɗan abin da ya yi saura, ni ma ana neman a gama da ni. Da Allah ya amsa a aya 18 sai ya sāke kalma. Ya ɗauki sha'ar, a siffar da take nuna akwai mai aikatawa: shi Ubangiji ne zai rage mutum 7,000 a Isra'ila waɗanda ba su rusuna wa Ba'al ba. Iliya yana ganin ragowa, Allah yana maganar ajiya. Manzo Bulus ya ƙara fayyacewa a Romawa 11:4, cewa domin kansa Allah ya ajiye su.

Gajiya ce ta ɓata lissafin Iliya. Obadiya ya riga ya gaya masa akwai annabawa 100 a ɓoye cikin koguna, hamsin hamsin (18:13), amma baƙin ciki yakan sa mutum ya ƙirga kansa kaɗai. Ka ga kuma yadda Allah ya bi da shi. Ya ba shi abinci, ya bar shi ya yi barci, sa'an nan ya ba shi aiki, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya. In ka gaji yau, haka Ubanka yake so ya bi da kai.

3. YARON DA SUNANSA WA'AZI NE

Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila suka haɗa kai za su yaƙi Urushalima. Cikin sarki Ahaz ya ɗuri ruwa, shi da mutanensa. Allah ya aiki Ishaya ya tarye shi a bakin magudanar ruwan tafki na bisa, ya kuma ce ya tafi da ɗansa (Ishaya 7:3). Sunan yaron Sheyar-yashub, ma'anarsa “ringi zai komo”. Duk lokacin da uwarsa ta ƙwala masa kira ya zo ya ci abinci, unguwa ta ji wa'azi.

Sunan nan kaifi biyu gare shi. In ka nanata kalmar farko, gargaɗi ne: ringi kawai, mafi yawa za su tafi. Annabi Amos, wanda ya riga Ishaya da 'yan shekaru, ya ce garin da ya fita yaƙi da mutum dubu zai komo da ɗari, mai ɗari kuwa zai komo da goma (Amos 5:3). Ya kwatanta waɗanda za su tsira da ƙafa biyu ko guntun kunne da makiyayi ya fizge daga bakin zaki (3:12). Haka kuwa aka yi. A 722 Samariya ta faɗi a hannun Assuriyawa, aka kwashe mutanenta. In kuma ka nanata kalma ta biyu, alkawari ne: zai komo, babu makawa.

Ina zai koma? Aikatau “shub” da yake cikin sunan yana nufin komawa gida, yana kuma nufin tuba. Ishaya 10:20-21 ya raba gardama. Ringin za su daina jingina ga wanda ya buge su, su jingina ga Ubangiji da gaskiya. Ahaz ya kwashi azurfa da zinariya na Haikali ya aika wa Tiglat-filesar sarkin Assuriya domin ya cece shi (2 Sarakuna 16:7-8), daga baya kuwa Assuriyar ce ta zama bulala a bayan Yahuza. Ringi shi ne wanda ya gane wannan wauta ya juyo. Akwai kuma abin farin ciki a aya 21. Laƙabin da aka ba Allah a wurin, “El Gibbor”, wato Allah Jarumi, yana cikin sunayen Ɗan da aka alkawarta a Ishaya 9:6. Ƙarshen komowar ringi a wurin Almasihu yake.

A 701, zamanin Hezekiya ɗan Ahaz, Sennakerib sarkin Assuriya ya auka wa Yahuza. A rubutun da ya bari a kan yumɓu, wanda ɗaya daga ciki yake gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan, ya yi taƙamar ya ci garuruwa masu garu 46, ya kuma kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Amma ko a rubutun nasa bai ce ya ci birnin ba. Hezekiya ya aika wa Ishaya ya yi addu'a domin ringin da ya ragu (Ishaya 37:4). Ka karanta amsar a aya 30 zuwa 32. A shekarar farko gyauro za su ci, a ta biyu ma abin da ya tsiro da kansa, a ta uku za su shuka, su girbe, su dasa inabi. Waɗanda suka tsira za su sa saiwa ƙasa, su yi 'ya'ya a sama, kishin Ubangiji ne kuwa zai aikata.

Kai da aka raba da gonarka, ke da kike zaune a sansanin 'yan gudun hijira kina jiran abin da za a kawo, wataƙila shekarar gyauro kuke ciki. Kada ku rena gyauro, gama shi ma alama ce ta cewa Allah bai bar ku ba. Shekarar shuka tana zuwa. Amma ku lura da jerin: saiwa tukuna, sa'an nan 'ya'ya.

4. TSIRA KAƊAI BA TA ISA BA

A nan dole in yi maka gargaɗi. Mutum yana iya tsira daga takobi, zuciyarsa kuwa ba ta komo ba.

A 586 Babilawa suka rushe Urushalima, suka ƙone Haikali. Suka bar talakawan ƙasa a hannun Gedaliya a Mizfa, ba a daɗe ba Isma'ilu ɗan Netaniya ya kashe shi. Waɗanda suka ragu suka zo wurin Irmiya tare da Yohenan ɗan Kareya. Da bakinsu suka kira kansu she'erit, suka roƙe shi ya nema musu nufin Allah, suka rantse za su bi ko da daɗi ko ba daɗi (Irmiya 42:1-6). Bayan kwana goma amsa ta zo: in sun zauna a ƙasar, Allah zai gina su ya dasa su. Suka ce annabin ƙarya yake yi, gama sun riga sun ɗaure kayansu a zuci. Suka gangara Masar har Tafanes, suka tafi da Irmiya ala tilas, can kuma suka koma ƙona turare ga gunkiyar da suke kira sarauniyar sama. A Irmiya 44:14 kalmomin nan masu zafi suka dawo: a cikinsu ba za a sami falit ko sarid da zai koma ya zauna a Yahuza ba, sai 'yan ƙalilan. Sun fita daga wuta, tsoro da taurin kai suka mai da su cikinta.

To, yaya ake gane ringin gaskiya? A Zafaniya 3:12-13 Allah ya sāke amfani da siffar nan ta sha'ar da ya faɗa wa Iliya, ya kuma bayyana irin mutanen da zai rage. Masu tawali'u ne, marasa ƙarfi, waɗanda sunan Ubangiji ne mafakarsu. Ba sa aikata mugunta, ba a samun ƙarya ko yaudara a bakinsu. Mika 4:6-7 ya ƙara da cewa daga guragu da korarru Allah zai yi ringinsa. Ba a zaɓe su domin sun fi kowa ba. Bayan Sairus ya ba da izinin komawa a 538, mutum 42,360 suka koma (Ezra 2:64). Da Ezra ya iso daga baya ya ga zunubin jama'a, ya durƙusa ya shaida cewa alheri ne ya bar musu feleta, hukuncin da suka sha ma bai kai laifinsu ba (Ezra 9:8, 13). Haka ringin gaskiya yake magana.

5. DAGA SARID ZUWA FENTIKOS

Yanzu mu komo kan sarid. A Ishaya 1:9 annabin ya ce da Ubangiji Mai Runduna bai bar musu ɗan sarid ba, da sun zama kamar Saduma da Gwamrata. Da Yahudawa suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci kafin zuwan Almasihu, kalmar da suka sa a nan ita ce “iri”, ita ce kuma Bulus ya bi a Romawa 9:29. Wanda ya tashi daga cikin gawawwaki, Allah yana kiransa iri. Halleluya! Irmiya 31:2 ma ta ce mutanen da suka tsira daga takobi sun sami tagomashi a jeji, kalmar a wurin kuwa jam'in sarid ce.

Ka bi zaren nan zuwa Sabon Alkawari. Ishaya ya ga itacen Isra'ila an sare, saura kututture (6:13), ya kuma ga toho zai fito daga kututturen Yesse (11:1). Da aka haifi Yesu, tsofaffi biyu ne suka gane shi a Haikali, Saminu da Hannatu. Dubbai suka bi shi, da yawa suka juya (Yahaya 6:66), saura goma sha biyu. A Getsamani su ma suka watse. Ringin ya yi ta raguwa har ya zama mutum ɗaya mai cikakkiyar biyayya. Shi kuwa bai kuɓuta ba. Nuhu ya sami jirgi, Iliya ya sami kogo, amma Ɗan Allah ya tsaya takobi ya sauka a kansa domin ni da kai mu zama sarid. Shi ne ƙwayar alkamar da ta faɗi ƙasa ta mutu ta ba da 'ya'ya da yawa (Yahaya 12:24). A rana ta uku ya tashi, daga nan lissafi ya juya.

Annabi Yowel ya hango wannan juyi. Littafinsa ya buɗe da fāra. A 1:4 kalmar yeter ta fito sau uku: abin da wannan fāra ta rage waccan ta cinye, abin da waccan ta rage wata ta lashe, har ba sauran kome. Amma a 2:25 Allah ya yi alkawarin mayar da shekarun da fāra ta ci. A aya 28 da 29 ya ce zai zubo Ruhunsa a kan 'ya'ya maza da mata, tsofaffi da samari, har da bayi. Aya 32 ta rufe da cewa a Dutsen Sihiyona za a sami feleta, a cikin “seridim” kuma, wato jam'in sarid, akwai waɗanda Ubangiji yake kira. A Joshuwa ba a bar sarid ba. A Yowel ga su nan, Allah yana kiransu, yana cika su da Ruhunsa.

Wannan nassi ne Bitrus ya yi wa'azi da shi ran Fentikos. Mutum wajen 120 ne suke tare, waɗanda ba da daɗewa ba suke kulle ƙofa don tsoro. Ruhu Mai Tsarki ya sauko, suka yi magana da waɗansu harsuna. Bitrus ya kawo annabcin Yowel har zuwa wurin kira ga sunan Ubangiji (Ayyukan Manzanni 2:21), a aya 39 kuma ya ɗauko ƙarshen ayar, ya ce alkawarin na duk wanda Ubangiji zai kira ne, har da na nesa. A ran nan aka ƙara mutum wajen 3,000. Iri ya shiga ƙasa. Mu al'ummai ma ta wannan ƙofa muka shigo, kamar yadda Yakubu ya nuna daga annabcin Amos a taron Urushalima (Ayyukan Manzanni 15:13-17).

6. KAI FA?

Mu koma kan tambayar nan, “Me ya sa ni na ragu?” Maganar Allah ba ta ce waɗanda suka tafi sun fi ka zunubi ba. Yesu da kansa ya hana wannan tunani game da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa (Luka 13:4-5). Waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji suna hannunsa, ba su ɓata ba. Kai kuwa da aka bari, akwai abin da aka bar ka dominsa. Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Amma cara aka ajiye shi ya yi. Ga abu huɗu da za ka kiyaye.

Kada ka yi fahariya. Akwai masu son kalmar ringi domin su ce su kaɗai ne na Allah, sauran ikilisiyoyi duk sun ɓata. Romawa 11:5-6 ta ce zaɓen alheri ne, in kuwa alheri ne, ayyuka ba su da abin taƙama. A cikin surar nan Bulus ya ce Allah bai yashe Isra'ila ba, ya kuma gargaɗe mu, mu rassan da aka ɗaura, kada mu ɗaga kai a kan waɗanda aka sare (aya 17-21). Iliya ma bai san mutum 7,000 ɗin nan ba.

Kada ka fid da zuciya. In ku biyar ne kuke taruwa a ƙarƙashin itace, ku taru. A 520 ta bakin Haggai Allah ya zuga ruhun ringin jama'a suka tashi gina Haikali, ya kuma tabbatar musu Ruhunsa yana tsakiyarsu (Haggai 1:14, 2:5).

Kada ka riƙe ramuwa. Wannan yana da wuya, Allah kuwa ya san zafin da ka sha. Neman adalci ta hanyar shari'a ba laifi ba ne. Amma irin da ya jiƙu da ƙiyayya ruɓewa yake yi a rumbu. Ka tuna a bakin wa aka fara jin she'erit, da kuma su wa ya faɗa wa.

Kada ka zauna a rataye. Ba a ajiye iri don ado. Mika 5:7-8 ya ce ringin Yakubu zai zama kamar raɓa a tsakiyar al'ummai, kamar zaki kuma a cikin namomin jeji. Raɓa ba ta da ƙara, amma da safe ciyawa takan shaida ta zo. Ka nemi cikar Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe baki ka ba da shaida, ka ɗauki marayan ɗan'uwanka, ka ziyarci gwauruwar da ba mai leƙa ta.

In kuwa har yanzu ba ka ba da ranka ga Yesu ba, ka ji wannan da kyau. Ka tsira daga ciwo, ka tsira daga hatsari, ka tsira daga rikici, amma ba ka komo ba tukuna. Rabin sunan yaron nan ne ya cika a kanka. Ka tuba yau, ka kira ga sunan Ubangiji, ka kuma nemi fasto ko wani mai bi da ya manyanta ya yi addu'a tare da kai.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Mene ne bambancin maganar Iliya da amsar Allah a 1 Sarakuna 19?
2. Me ya sa waɗanda suka ragu a zamanin Irmiya suka hallaka a Masar? Akwai wata “Masar” da tsoro yake tura ka zuwa gare ta?
3. Wace alama ta ringi a Zafaniya 3:12-13 ce ta fi yi maka wuya?
4. Wane ne Allah yake so ya rayar ta dalilinka a wannan mako? Rubuta sunansa.

MU YI ADDU'A

1. Ya Uba, na gode domin hannunka ne ya ajiye ni. Ban fi waɗanda suka tafi ba, alherinka ne.
2. Ya Ubangiji, ka komo da zuciyata gare ka. Duk abin da na jingina gare shi wanda ba kai ba, na sake shi yau, cikin sunan Yesu.
3. Ka warkar da raunukana, ka tumɓuke ɗaci da ramuwa daga cikina, ka ba ni zuciya irin ta Yusufu.
4. Ka tuna da 'yan'uwanmu da aka raba da gidajensu, da gwauraye da marayu, da ƙananan ikilisiyoyi na ƙauyuka. Ka kai su shekarar shuka da girbi.
5. Ya Ruhu Mai Tsarki, ka sauko mini sabo, ka ba ni ƙarfin hali in zama mashaidin Yesu a inda ka dasa ni.

Furci: Ni ajiyar Allah ne. Jinin Yesu ya fanshe ni, Ruhunsa yana cikina. Zan sa saiwa, zan yi 'ya'ya, waɗansu kuma za su rayu ta dalilina, cikin sunan Yesu. Amin.